A Hannun Ɗan Wa Za A Koyi Ɗori?

Daren jiya a majalisa saura ƙiris mu ɓata da wani abokina da muka shafe shekara 20 muna shan shayi tare. Wani yaro ne ya nuna mana bidiyo a wayarsa. Wata ɗalibar likita ce a ƙasar waje, ta sa wani tabarau da ya rufe mata rabin fuska, ta riƙe wasu 'yan sanduna biyu tana ta motsa hannu cikin iska kamar mai korar ƙuda. A allon da ke gefenta kuwa ga ƙashin ƙwauri ya karye biyu, tana daidaita shi tana zura masa ƙarfe. Ta kuskure, na'urar ta nuna mata, ta koma ta sake daga farko.

Majalisa ta kwashe da dariya. Abokin nawa ya ce, "Wannan ai gem ne irin na yara. Mu da ba mu da wuta, asibitinmu ko panadol sai ka saya, ina mu ina karaya a kwamfuta? A bar mu da maɗoranmu." Wani ɗan boko a gefe kuma ya ce shi a ganinsa maɗoran ne ma matsalar, a tattara su a kai su kotu. Raina ya ɓaci, na kasa bayani yadda ya kamata, na tashi na bar shayina. Shi ya sa na zauna na rubuta, don dukkansu biyun ban yarda da su ba. Ku yi haƙuri zai yi tsawo.

Shekara uku ke nan, da bazara, ɗan ƙanwata ya faɗo daga bishiyar mangwaro a can gida Achilafiya. Shekararsa bakwai a lokacin. Ya dafa ƙasa da hannun dama, ƙashin ya karye dab da gwiwar hannu, ta sama. Aka fara kai shi wani ƙaramin asibiti da ba zan kama sunansa ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. Wanda aka tarar a bakin aiki matashi ne, bai daɗe da gama makaranta ba. Ya duba, ya ba da maganin ciwo, ya ce a wuce Kano. Ana kiran magariba, babu kuɗin mota a hannu, uban yaron yana Legas wajen nema. Sai aka yi abin da kowa ke yi, aka nufi gidan ɗori a wani ƙauye. Tsohon ba ya nan. Ɗansa ne ya ja hannun, ya jera kara, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau.

Daren nan yaron bai runtsa ba, kuka har muryarsa ta dishe. Manya suka ce ɗori ne ke kamawa, wasu suka ce raki ne. Washegari yatsu suka kumbura suka yi sanyi. Sai a rana ta uku ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce, "Yaya, hannun nan fa ya canja kala." Na nemi izini a ofis na ɗauko mota. A Kano likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba a yanke hannun ba, alhamdulillahi, amma naman da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ya riga ya mutu. Yatsun sun lanƙwashe ciki sun ƙandare. Yau da hagu yake rubutu, da hagu yake cin abinci, kuma kun san abin da cin tuwo da hagu yake jawo wa yaro a garuruwanmu.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ƙaddara ce, na yarda. To amma matasa biyu ne suka taɓa hannun yaron nan a rana ɗaya, ɗaya da farar riga, ɗaya ɗan gado, kuma babu mugu a cikinsu. Na farko bai san yadda zai tallafe hannun da sassauci ba, bai kuma gaya wa uwar alamomin haɗari ba. Na biyu bai san abin da ke bi ta gaban ƙashin da yake ja ba. Dukkansu koyo suke, kuma a hannun ɗan ƙanwata suka koya. Larabawa suna da karin magana a kan mai koyon ƙaho a kan marayu. Mu nan a hannun 'ya'yan talakawa ake koyon ɗori, na gargajiya da na asibiti, ba wanda ya taɓa kiran wannan wasan yara. Sai da aka ce ga hanyar da mai koyo zai yi kuskurensa na farko a kan hoto, sannan muka ga abin dariya.

Ga abin da likitan ya bayyana mini a ranar, wanda na so a ce na sani tun da wuri. Irin wannan karaya ta saman gwiwar hannu ita ce ta fi samun yara a gwiwar hannu, musamman 'yan shekara 5 zuwa 7, kuma babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu ta gaban wajen take wucewa. Bayan karaya nama yana ci gaba da kumbura har kwana ɗaya zuwa biyu. Idan aka ɗaure tamau tun a ranar farko, kumburin ba shi da inda zai je, sai ya matse ƙananan hanyoyin jini. Nama kuwa idan ya yi kamar awa 6 zuwa 8 babu jini, ya fara mutuwar da ba ta dawowa. Alamar farko ita ce ciwon da ya wuce misali, wanda magani ba ya kwantar da shi, musamman idan aka ɗan miƙe wa yaro yatsu ya ƙwalla ihu. Sai dindiris, sai sanyi, sai canjin kala. Wani likitan Jamus mai suna Richard von Volkmann ya bayyana wannan ƙandarewar hannu tun a 1881. Shekara sama da 140 ke nan, mu har yau muna cewa ɗori ne ke kamawa.

To mene ne ainihin abin da muka yi wa dariya? A taƙaice, ana ɗaukar hoton sikanin na ƙashin mutum na gaske, kwamfuta ta haɗa hotunan ta fitar da ƙashin da cikakkiyar siffarsa, ka juya shi ta kowane ɓangare. Sannan ta rarraba shi ƙanana-ƙanana dubbai, ta lissafa yadda nauyi ke bi ta cikinsa, inda zai tsage idan an murɗa, inda zai ɓalle idan an faɗi a kansa. Lissafin injiniyoyin gada da jirgin sama ne, aka fara amfani da shi a kan ƙashi tun 1972. Daga nan mai koyo zai ja ƙashin ya daidaita, ya ga inda jijiya take, ya huda, ya sa ƙarfe. In ya kauce, na'urar ta nuna masa inda ya kauce, ya sake sau goma, sau ɗari. Akwai mai tabarau irin na bidiyon nan, akwai wanda sandar hannunsa ke turjewa kamar kana huda ƙashin gaske, akwai kuma sassauƙa da ke aiki a kwamfutar tebur ko a waya. Har ila yau daga wannan hoton ana iya ƙera ƙashin roba mai irin karayar, a riƙe a hannu.

Kuma ba yau aka fara koyon karaya nesa da majinyaci ba. Wasu likitocin ƙasar Suwizalan sun kafa ƙungiyar AO a 1958, daga 1960 suka fara tara likitoci a garin Dabos suna koyon huda ƙashi da ɗaura ƙarfe a kan tebur kafin su taɓa mai rai. Kwamfuta ɗorawa kawai ta yi a kan wannan. A 2020 an wallafa wani gwaji daga jami'ar UCLA ta Amurka: ɗaliban likita kusan 20, aka raba su biyu, wasu suka koyi sa ƙarfen ƙwauri da tabarau, wasu da littafin jagora. Da aka gwada su a kan ƙashin roba, 'yan tabarau suka fi cin maki, suka kuma fi bin matakan daidai. Gwaji ne ƙarami, kuma a kan roba aka yi shi, ba zan ƙara masa gishiri ba. Amma ya isa ya nuna ba gem ba ne.

Abokina, kai da ka je Hajji sau biyu, bari in tambaye ka. Matuƙin da ya ɗauke ku daga filin jirgin Malam Aminu Kano, da za a ce maka yau ce ranarsa ta farko ta gwada sauka idan inji ɗaya ya mutu, za ka hau? Ba ka da wannan fargabar, saboda ya yi ta gwadawa a cikin akwatin kwaikwayo a ƙasa. A nan Zariya ma, a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa tun 1964, da irin waɗannan na'urori ake horar da matuƙa. Ba wanda ya ce a jira sai wuta ta tsaya a Najeriya kafin a koya wa matuƙi aikinsa. Ran alhaji a sama ya cancanci a yi masa gwaji a kan na'ura, hannun ɗan manomi a Yankwashi bai cancanta ba?

Maganar wuta kuwa, fisabilillahi mu daina fakewa da ita. Tun 2015 da kwamfuta yaranmu ke rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya. Ɗakunan nan cike da kwamfutoci, da janareta ko sola, me suke yi bayan an gama jarrabawa? Da yawansu a kulle suke, ƙura na hawa. Wayar da ke hannun ɗan acaɓa yau ta ishi nuna gwiwar hannun yaro da jijiyar da ke bi ta gabanta. Kuma a duk Jigawa babu yankin da bai kamata ya yi wannan ƙorafin ba kamar namu. A Kazaure muke da makarantar Informatics da aka kafa zamanin Saminu Turaki, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka ba Ɓaɓura a 2021. A ƙasar nan kowace shekara dubban ɗaliban kwamfuta suna gama karatu da aikin bincike iri ɗaya, manhajar biyan albashi, manhajar ajiye littattafai, a ɗaure a jefa a sito. Me zai hana a haɗa wasu daga cikin namu da likitocin ƙashi, su gina manhaja ɗaya mai magana da Hausa, da za ta nuna karaya biyar ko shida da suka fi addabarmu, da abin da ke faruwa a cikin nama awa bayan awa idan an ɗaure tamau?

Yanzu ga ɗan bokonmu mai son a kama maɗora. Malam, in ka kama su, wa zai karɓi aikin? Likitocin ƙashi a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu a manyan birane, wasunsu kuma suna haɗa kayan tafiya Saudiyya da Ingila. Shekaru da dama asibitocin ƙashi na tarayya uku ne kacal: Igbobi a Legas, na Inugu, da namu na Dala da aka buɗe a 1959. Daga Kazaure zuwa Kano kusan kilomita 80 ne, ka ƙara nisan ƙauye, ka ƙara kuɗin mai na yanzu, kuɗin hoto, kuɗin ƙarfe, da wanda zai bar gona ya yi jinya. Maɗori kuwa yana bayan gida, yana karɓar abin da ya samu, ya san kakanka. Mutanenmu ba wauta ce ke kai su can ba, lissafi ne. Gaskiya kuma ita ce karaya da yawa marasa rikici suna warkewa a hannunsu, kowa a cikinmu ya san wani da aka ɗora yana tafiyarsa garau. Inda ake asara shi ne inda ba su san iyakarsu ba: karayar da ƙashi ya huda fata, ta kusa da gaɓa, ta ƙugu, ta baya, da ɗaurin da ya matse.

Daga nan ne wani mugun zagaye yake farawa. Ba a zuwa asibiti sai hannu ya ruɓe, likita ba shi da zaɓi sai yankewa, a dawo gida a ce asibiti yanke hannu suke. Na gaba da ya karye sai ya ƙi zuwa.

An taɓa gwada tsinka wannan zagayen, ba da 'yan sanda ba. A kudancin Habasha, wani likita mai suna Eshete ya duba ya ga a cikin shekara biyu an yanke gaɓoɓi 49, guda 25 daga ciki saboda matsewar ɗaurin gargajiya. Sai aka shirya wa maɗora bita ta kwana ɗaya tak, mutum 112 suka halarta, aka kuma yi wa ƙananan ma'aikatan lafiya ta kwana biyu. A shekara biyun da suka biyo baya yankan ya sauko zuwa 25, na ruɓewar ɗori kuma daga 25 ya dawo 7. An wallafa wannan a 2005. Kwana ɗaya fa, kuma babu tabarau babu kwamfuta. A Malawi kuma tun 1985 suke ɗaukar ƙananan jami'an lafiya su ba su horon wata 18 a kan ƙashi, su ne ke riƙe da mafi yawan karayar asibitocin karkararsu. To ka ɗauki wannan darasin na kwana ɗaya ka sa shi a hoto mai motsi, wanda mutumin da bai iya karatun boko ba zai gani da idonsa, ya matsa ɗauri da yatsansa a kan allo ya ga jini ya tsaya, ya sassauta ya ga ya dawo. Gani ya kori ji. Ka kuma bar masa shi a wayarsa ya nuna wa ɗansa da zai gaje shi.

Abin da nake faɗa ke nan: idan za a kawo wannan fasaha yankinmu, hannun farko da ke taɓa karaya ya fi kowa buƙatarta. Babban likita a Dala yana ganin karaya kullum, yana da na gaba da shi da zai tsaya a kansa. Malamin asibitin ƙauye, da nas ɗin da ke kwana ita kaɗai, da ɗan maɗori da babansa ya tafi kasuwa, su ne ba su da mai gyara musu. Makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun da ta nas-nas ta Birnin Kudu, daga nan ma'aikatan ƙauyukanmu da yawa ke fitowa, kuma kafin ɗalibi ya karɓi takarda ya kamata a ce ya tallafe karayar gwaji sau da yawa har hannunsa ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma akwai abin da nake tsoro fiye da dariyar majalisa, kuma a nan ma'aikacin gwamnati ne ke magana. Na kusa shekara 20 ina ganin yadda kyakkyawar shawara ke komawa kwangila. Wani zai karanta irin wannan rubutun ya ga dama. A rubuta takarda, a ware miliyoyi, a sayo tabarau masu tsada daga waje waɗanda sai an biya kuɗin lasisi da dala duk shekara, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, a kai sito a kulle, makulli yana aljihun mutum ɗaya da aka yi wa canjin wajen aiki. Ko a shirya bita a otal, waɗanda ba su taɓa ganin karaya ba su cika kujeru don alawus, maɗori ko labari bai ji ba. Ni da idona na ga kwamfutoci sun tsufa a cikin kwalayensu. In haka za a yi, wallahi gara a ba abokina gaskiya a sayi panadol ɗin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ma'aunin aikin ba yawan na'urar da aka sayo ba ne. A ƙirga yaran da aka yanke wa hannu ko ya ƙandare a Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi da Ɓaɓura bana, a sake ƙirgawa bayan shekara biyu, kamar yadda Habashawa suka yi.

Kada kuma wani ya ce na ce kwamfuta za ta ɗora ƙashi. Ba za ta ba ka ɗumin fatar yaro ba, ba za ta koya maka lallashin uwa mai kuka ba, ba za ta sayi filasta ko ta zuba wa motar asibiti mai ba. Da ɗan ƙanwata ya samu mota a daren nan, da labarin ya canja ko babu wata manhaja. To amma da ɗaya daga cikin matasan nan biyu ya taɓa gani, ko sau ɗaya, abin da kukan dare bayan ɗori yake nufi, da ya ce a kwance a sassauta, kuma wannan ko sisi ba ya ci.

Masarautar Kazaure tana da hakimai da dagatai da suka san kowane gidan ɗori a ƙasarsu. In Mai Martaba ya kira, za su zo, abin da takardar ofis ba za ta iya ba. Shugabannin ƙananan hukumominmu suna da ɗakunan taro. Yaranmu masu kwamfuta suna zaune ba aiki. Masu kujera a Dutse da ke cikin abokaina a nan, na san kuna karantawa ko ba ku nuna ba.

Yau da safe kafin in wuce aiki na karɓi bidiyon daga wajen yaron, na biya ta wajen wani dattijon maɗori da nake girmamawa, ba wancan gidan ba. Na ce, "Baba, ga abin da muka yi faɗa a kansa jiya." Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba. Na buɗo masa wani hoton na gwiwar hannu mai nuna jijiyoyi da ja. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya lalubi wajen a nasa hannun. Ya ce shekara 40 yana jin abin nan yana harbawa a ƙarƙashin yatsansa, bai taɓa ganin hanyarsa ba sai yau. Sannan ya ƙwala wa babban ɗansa kira, ya ce in mayar da shi farko.